Takarda ta Sittin da Biyu

Dakta mutum ne mai tebur ɗaya. Akwai dai wanda jami'a ta ba shi a ofis, amma wannan na sauraron ɗalibai ne da sa hannu a takardu. Teburinsa na gaske yana gida, a lungun falo, jikin taga, an tokare ƙafarsa ɗaya da wani tsohon littafi don kada ya riƙa rawa. A kansa yake gyaran jarrabawa, a kansa kuma yake rubuta labaransa.

Shekara goma sha tara ke nan yana koyar da ƙididdiga a sashen horar da malamai. Shekara goma sha ɗaya kuma yana tashi da asuba, kafin yara su motsa, ya zauna ya ƙirƙiro mutanen da babu su, ya sa musu magana a baki har ƙarfe bakwai. Matarsa, wadda take aikin ba da magani a asibiti, tana kiran wannan zama ƙaryar asuba. Ƙaryar ta haifi littattafai uku, ƙanana. A sashen babu wanda ya karanta su, ko kuma babu wanda ya yarda ya karanta.

Mahaifinsa tela ne, irin wanda ba ya zubar da ƙyalle komai ƙanƙantarsa, kuma Dakta ya gaji wannan hali. Shekarun baya jami'a ta sauya takardun amsa jarrabawa, ta fara buga wa kowacce jar lamba a kusurwa don hana maguɗi. Tsofaffin marasa lamba aka ce a ƙone su. Dakta ya iske mai sito yana jan su zuwa bayan gini, ya tsaya ya kasa wucewa. Katan biyu ya ɗauko. Bango shuɗi iri ɗaya da sababbin, shafi goma sha shida, layi a shimfiɗe. Tun daga ranar hannunsa bai ƙara sakewa a kan wata takarda ba. Babi ɗaya, takarda ɗaya, kuma ba ya bugawa a na'ura sai littafi ya kammala. Doka ɗaya ya kafa wa teburin: hagu na jami'a ne, dama nasa.

Ranar Litinin ya gama gyaran jarrabawar 'yan ajin ƙarshe. Ya ƙirga takardun da babban yatsa, kusurwa bayan kusurwa, sittin da biyu, daidai da adadin da aka rubuta a jikin ambulan. Ya ɗaure su da igiya ya kai wa jami'in jarrabawa, ya sa hannu. Talata ya huta. Laraba da asuba ya zauna, zuciyarsa wasai, don kwana goma ke nan bai taɓa labarin ba. Ya jawo takardar da take saman tulin dama, ya buɗe, ya ɗaga biro.

Ba rubutunsa ba ne. Manyan baƙaƙe ne a tsaye, a daidaice, irin na wanda ya daɗe yana rubutu a allo. A saman shafin an rubuta, Tambaya ta ɗaya. Babu ɗigon jan biro ko ɗaya a jiki.

Tun bai juya bangon ba ya san mai hannun. Hedimasta ne. Haka kowa yake kiransa a ajin, dattijo mai furfura wanda ya girme Dakta da shekara biyar ko shida, shugaban wata makarantar firamare da aka ba shi hutun karatu. A layin gaba yake zama, kuma ba ya yin tambaya sai ya miƙe tsaye. Bara ya faɗi wannan darasi, bana yake maimaitawa, kuma shi kaɗai ya rage masa.

Dakta ya ajiye biron a hankali. Ya tuna ranar Asabar ɗin da abin ya faru, kamar yanzu. Yana cikin gyara wata jimla ta faɗo masa, irin wadda in ba ka kama ta nan take ba ta tafi ke nan. Ya karya dokar teburin, ya jawo babi na tara ya ɗora a kan takardar da zai buɗe, ya rubuta layi uku. Sai aka yi sallama a ƙofa. Ya rufe su ya tashi, ɗaya hagu cikin waɗanda ya gama gyarawa, ɗaya dama. Ashe ya saɓa hannu.

Ke nan a cikin ɗaurin da ya kai, takarda ta sittin da biyu labari ce. A jerin maki kuwa, gurbin Hedimasta yana nan fayau tare da na mutum huɗun da ba su zauna ba, kuma jami'in jarrabawa ya riga ya cike kowane gurbi da kalma guda: bai zauna ba. Yau da ƙarfe goma kwamitin sashe zai amince da sakamako. Da an sa hannu an tura sama, gyara sai wata da watanni, in ma an yarda a gyara. Hutun Hedimasta kuwa ƙarshen watan nan yake ƙarewa.

Hannunsa ya kai ga jan biro.

"Me za ka yi da shi?" matarsa ta tambaya. Tana tsaye a bayansa da kofin shayi, bai ji fitowarta ba.

Ya nuna mata. Bai yi dogon bayani ba, ita ma ba ta nema ba. Ta ajiye kofin nesa da takardar.

"Minti ashirin ya ishe ni in gyara ta," ya ce.

"Baban yara, ajiye biron nan. A wurinmu in aka tarar da kwalbar magani a inda bai kamata ba, ba ka buɗe ta. Yadda ka same ta haka kake kai ta. Ka sa mata ja a falonka yau, wa zai yarda ba jiya aka rubuta ta ba?"

Ya ajiye.

"Wane babi ne ya tafi?"

Ya shiga daidaita tulin dama.

"Kada dai ka ce mini na matar nan ne."

"Shi ne."

Ta ja kujera ta zauna. Babi na tara labarin wata shugabar ma'aikata ce wadda in za ta ce a'a, sai ta tattara takardun gabanta ta buga gindinsu a tebur sau uku. Tun ranar da ya karanta mata ta ce ko ɗan shekara biyar ya ji zai san Farfesa ce, shugabar sashensu. Ya musa, ya ce tasa gajeriya ce, Farfesa kuwa doguwa. Yanzu ga shi fayil ɗinsa na ƙarin girma yana kan teburin doguwar, bayan shekara shida a mataki ɗaya. Ita ce ta taɓa ce masa, ba da faɗa ba, labarai ba sa hawa ma'auni, ya kawo takardun bincike.

"Sha shayinka," matar ta ce. "Ni zan kai yara makaranta."

Bai sha ba. Ya sa takardar a ambulan, ya sa ambulan a jaka, ya sake buɗe jakar ya duba, sannan ya fita.

Motar ta tashi a bugu na uku. A mahaɗar titi wata babbar mota ta lalace ta tare rabin hanya, aka yi cirko-cirko. Ya zauna riƙe da sitiyari yana kallon agogo. Bakwai da kwata. Bakwai da rabi. Jakar tana kujerar gefe, ya ɗora mata hannu kamar wani zai zura hannu ta taga ya ɗauke. A cikin wannan jira ya shirya abin da zai yi. Jami'in jarrabawa tsohon ɗalibinsa ne. Zai buɗe masa kabad, ya zare labarin, ya sa takardar a gurbinta, a gyara ta a ofis a cike makin kafin goma. Mutum biyu kawai za su sani. Sai takwas saura kwata ya shiga ƙofar jami'a.

Mai Makulli suke kiran jami'in, saboda tarin makullan da suke kaɗawa a ƙugunsa. Yana tsaye gaban injin buga takardu yana tattara shafuka.

"Malam, lafiya da sassafe haka?"

Dakta ya tura ƙofa ya rufe. Ya zaro takardar ya ajiye a tebur, ya faɗi abin da ya faru cikin jimla huɗu. Mai Makulli ya leƙa ya ga lambar ɗalibin, ya mai da hannuwansa baya ya haɗe su.

"Ni ban taɓa ta ba, Malam."

"Na gani. Buɗe mini kabad."

"Da jiya ne, wallahi da na buɗe na juya maka baya. Tun bakwai da rabi aka kwashe su zuwa ɗakin taro. Baƙo ya riga kowa zuwa."

Baƙo shi ne malamin da ake gayyatowa daga wata jami'a duk shekara ya duba ko an yi gyara bisa gaskiya. Muddin ɗauri ya shiga gabansa, babu mai taɓawa sai da saninsa.

Dakta ya zauna ba a ce ya zauna ba. Injin ya ci gaba da tofo shafuka. Mai Makulli ya kashe shi, ya matso, ya sauke murya.

"In ka yarda in faɗa maka abin da na sani a aikin nan. Shida kawai yake zara a kowane ɗauri, biyu na sama, biyu na tsakiya, biyu na ƙasa. Da lambar ɗalibi yake nema. Taka ba ta da lamba, zai wuce ta bai ko duba ba. Gobe ɗaurin ya dawo kabad ɗina, ka zo ka ɗauki abinka."

"Hedimasta kuma fa?"

"Hedimasta ya san hanya, ai ba yau ya fara dawowa ba."

Dakta ya ɗago ya dube shi. Mai Makulli ya kau da kai.

"Ba da wulaƙanci na faɗa ba, Malam. Amma ka duba. Takardar ɗalibi ta ɓulla daga jakarka bayan an rufe karɓa. A gurbinta kuma ga takardar jarrabawa marar lamba, wadda doka ta ce kada a gan ta a hannun kowa. Ka san sunan da za su ba abin. Bara an sallami mutum a kan abin da bai kai wannan ba. Kai ka koya mini aiki, ba na so in ga sunanka a allon sanarwa."

"Shi kuwa ka riga ka sa nasa."

"Gurbi ka kawo mini, na cike gurbi."

Gaskiya ya faɗa. Dakta ya mai da takardar cikin ambulan ya fita.

Barandar sashen doguwa ce, ɗakin taro yana can ƙarshenta, ofishin Dakta yana tsakiya. Bai san inda zai nufa ba lokacin da ya fito. Ƙafarsa ta kai shi ofis. Ya buɗe, ya shiga, ya tsaya. Ga aljihun tebur na ƙasa, wanda yake da makulli. Ambulan zai shige ciki ba wuya. Ya durƙusa ya jawo aljihun, ya ga tsofaffin jadawalin lakca da ƙusar takarda da suka yi tsatsa. Ya daɗe a durƙushe har gwiwarsa ta fara ciwo. Shekara goma sha tara ba a taɓa kiransa gaban kowane kwamiti ba. Babbar 'yarsa tana shekarar farko a wannan jami'ar, ta wannan barandar take bi ta zo ta gaishe shi.

Aka ƙwanƙwasa ƙofar da take a buɗe.

"Allah ya ƙara wa Malam lafiya."

Hedimasta ne, cikin rigarsa mai guga, ya ɗan rusuna, hularsa a hannu. Dakta ya miƙe, ambulan yana hammatarsa.

"Hedimasta. An tashi lafiya?"

"Lafiya lau, Malam. Ba roƙo na zo yi ba, na san ba a yi. Na ji an ce yau ake zama, shi ne na kasa zaman ɗaki. Na ce bari in zo in zauna a benci, ko ba komai ina kusa da abin."

"Sakamako ba yau zai fito ba."

"Na sani. Mai ɗakina ma haka ta ce, wai ko na kwana a bencin ba zai ƙara mini maki ba." Ya yi 'yar dariya. "Malaman makarantata sun riga sun share mini ofis. Yara kuma sun ce in na dawo za su duba ko kaina ya ƙara girma. Tambaya ta huɗu ce ta so ta kayar da ni, Malam. Na soke na sake. Amma na bi ta yadda ka nuna mana, layi-layi."

Dakta ya ji ambulan ya yi masa nauyi a hammata. Tsakanin mutumin da amsar da yake magana a kanta bai kai kamu biyu ba.

"To, Allah ya ba da sa'a," ya ce.

"Amin, Malam. Na tsayar da kai."

Ya ja da baya ya koma bencin da yake ƙarƙashin allon sanarwa, ya ɗora hular a gwiwa. Dakta ya tura aljihun da ƙafa ya rufe. Ya ja ƙofar ofis, ya bi baranda zuwa ƙarshe. Tara da minti goma.

Ɗakin taro yana da dogon tebur da fanka mai ƙara. An jera ɗaurin takardu daga wannan kai zuwa wancan. Baƙo, wani siririn tsoho mai tabarau a kan karan hanci, yana zaune a tsakiya yana duba na wani darasi. Farfesa tana kujerar kai da jerin maki a gabanta. Malamai uku sun riga sun zo, suna hira ƙasa-ƙasa. Dakta ya hango ɗaurinsa. Igiyar tana nan yadda ya ƙulla ta, ɗauri ɗaya ne tsakaninsa da hannun Baƙo. Babu wanda ya san komai. Ga kujerarsa ta kullum ma, kusa da taga, in ya so ya zauna.

"Dakta, ka yi sammako," Farfesa ta ce ba ta ɗago ba. "Da wani abu?"

"Akwai, ranki ya daɗe."

Ta ɗago.

Ya ajiye ambulan a gabanta ya faɗa. Muryarsa ta fito a bushe, kamar yana karanta sanarwa. Ya faɗi katan biyun, ya faɗi hagu da dama, ya faɗi Asabar. Hirar malaman ta mutu. Mai Makulli ya shigo da tarin shafuka ya tsaya a bakin ƙofa.

"Kana nufin a cikin ɗaurin nan akwai abin da ba jarrabawa ba."

"Akwai."

"Kai da kake koyar da ƙididdiga," wani malami ya ce daga gefe.

"Ƙirgen daidai ne," Dakta ya ce. "Sittin da biyu ne."

Baƙo ya yi wani ɗan tari mai kama da dariya, ya haɗiye. Farfesa ba ta yi ba. Ta ce a kwance ɗaurin. Baƙo da kansa ya kwance, ya shiga ɗaga su ɗaya-ɗaya, yana duba kusurwa yana kifawa. Ba a jin komai sai fanka da motsin takarda. Goma. Ashirin. Dakta ya fara tunanin ko ba ta ciki, ko ta faɗi wani wuri, bai san wanne ya fi muni ba. A ta arba'in da uku hannun tsohon ya tsaya. Bango shuɗi, babu jar lamba, babu suna, sai 'yar lamba tara da aka rubuta da fensir a kusurwa.

Ya miƙa wa Farfesa.

"Dole in tabbatar babu amsar jarrabawa a ciki," ta ce. Ta buɗe.

Dakta yana tsaye. Ya san kowane shafi. Na farko ruwan sama ne da masinja yana neman laima. Na biyu da na uku ma'aikata ne suna jiran shugaba. Ta juya, ta juya. A na biyar shugabar take shigowa. Ya ga idon Farfesa ya sauka zuwa tsakiyar shafin, ya tsaya, ya koma sama ya sake saukowa. Ta karanta na shida. Ta karanta na bakwai, inda shugabar take zaune ita kaɗai bayan an tashi, ta cire takalmi tana murza ƙafarta da ta kumbura. Sannan ta rufe ta ɗora tafin hannu a kai.

"Kawo takardar halarta," ta ce wa Mai Makulli.

Ya zaro ta daga fayil. A ranar jarrabawa kowane ɗalibi yana sa hannu, a rubuta jar lambar takardarsa kusa da sunansa. Farfesa ta karanta lambar da take kusurwar takardar Hedimasta da ƙarfi, ɗaya bayan ɗaya, Baƙo yana bi da yatsa a takardar halarta. Suka yi daidai. Ta buɗe shafin ƙarshe. Ga layin da mai tsaron jarrabawa ya ja a ƙarƙashin amsa ta ƙarshe, ga sa hannunsa, ba a ƙara ko wasali a bayansa ba.

"Ba ka gyara ta ba."

"Ban taɓa ta ba."

"Wa ya hana ka?"

"Matata."

"Ka gode mata."

Ta tattara takardun gabanta, ta daidaita su. Ta buga gindinsu a tebur. Ɗaya. Biyu. Kowa a ɗakin ya san abin da yake biyo baya. Hannunta ya ɗaga, ya tsaya a sama, sannan ta kwantar da takardun a hankali.

"Za a gyara ta a nan, yanzu. Ba kai ba, Dakta. Kai zauna can." Ta juya ga Baƙo. "In ba za mu ɗora maka nauyi ba."

Tsohon ya karɓi takardar da jagorar maki, ya zaro jan bironsa. Arba'in ake nema a ci darasin. Hedimasta yana da goma sha shida na aikin aji, saura ashirin da huɗu. Dakta ya zauna a kujerar taga ya cusa hannuwansa tsakanin gwiwoyi. Daga nan yana hango baranda, yana hango bencin da hular a kan gwiwa.

"Ta ɗaya, tara," Baƙo ya ce. Ya daɗe a ta biyu. "Shida." Ta uku bai daɗe ba, ya girgiza kai. "Biyu. Ya ɗauki hanya ya sauka a wani gari."

Goma sha bakwai. Saura bakwai. Ya juya zuwa ta huɗu. Rabin shafi an soke shi da layi biyu a miƙe, da rula ma aka ja su. Tsohon ya matso da tabarau, ya bi sabuwar amsar da bakin biro, yana ɗiga ja a gefen kowane layi. A wani wuri ya tsaya, ya ɗauki fensir ya yi lissafi a gefen jagorar. Dakta ya san wurin, nan ne rabin ajin suka zame. Ya ji bakinsa yana son buɗewa, ya danne.

"Ya kuskure a ƙarshe, amma hanyarsa daidai ce har layi na shida," Baƙo ya ce. "Takwas."

Mai Makulli ya haɗa a bayyane. Arba'in da ɗaya. Farfesa ta soke kalmar da take gaban sunan, ta rubuta makin da hannunta, ta sa hannu a gefe, Baƙo ya sa nasa. Goma saura minti bakwai.

"Yanzu kai," ta ce. Ba ta ɗaga murya ba. "Za ka samu takardar tuhuma kafin azahar, ka amsa cikin kwana biyu. Abin da ya rage a katan ɗin nan ya dawo sito gobe. Fayil ɗinka na ƙarin girma ba zai tafi bana ba. Zan rubuta cewa da ƙafarka ka kawo, wannan zai hana abin ya wuce sashe. Iyakar abin da zan iya ke nan."

"Na gode, ranki ya daɗe." Ya dubi shuɗin bangon da yake ƙarƙashin hannunta. "Wannan fa?"

"Shaida ce. Tana cikin fayil."

"Ita kaɗai gare ni. Ko kwafi in ɗauka."

"A'a."

Ba ta buga komai ba kafin ta faɗa. Ta zura babi na tara cikin fayil ta rufe. Sauran malamai suka fara shigowa, ana jan kujeru. Sai da ya zo wucewa ta kusa da ita zuwa wurin zamansa ta yi magana, ƙasa-ƙasa, idonta a kan jerin maki.

"Sau biyu nake bugawa, Dakta. Na ukun ƙarinka ne."

Ƙarfe ɗaya aka tashi. Hedimasta yana nan a bencin, rana ta cimma ƙafafunsa. Ya miƙe da ya ga Dakta.

"Malam, an gama?"

Doka ta hana a faɗi sakamako kafin a liƙa shi, kuma Dakta ya ishe kansa da karya doka a yau.

"An gama zama. Je ka gida, Hedimasta, ka ci abinci. Ka gaishe da mai ɗakin."

Dattijon ya dube shi, ya ɗan jima, sannan ya sa hularsa. "Za ta ji, Malam."

A hanyar gida Dakta ya tsaya a wani shago ya sayi littafin rubutu irin na 'yan makaranta, mai bango ja, don kada ya yi kama da komai. Da yamma ya ɗora katan ɗin a bayan mota. Ɗaya da rabi ne suka rage.

Washegari da asuba matarsa ta fito ta same shi a teburin. Hagu babu komai, dama takardu takwas, sabon littafin a tsakiya. Layukansa sun fi ƙunci, rubutun yana ta cin karo.

"Ƙaryar ce ko gaskiyar?" ta tambaya.

"Gaskiyar tukuna. Kwana biyu suka ba ni."

Ta ajiye masa shayi ta koma ciki. Ya gama amsar tuhumar a shafi ɗaya da rabi, ya karanta, bai sami abin ƙawatawa ba kuma bai nema ba. Ya juya sabon shafi ya rubuta tara a kusurwa. Ya tuna da ruwan sama aka fara, da masinja. Jimlar farko ce ta ƙi zuwa. Ya riƙe biron yana jira, har ya ji ƙaramar 'yarsa tana neman takalminta ɗaya.